Asalin Kalmar Bola

Jama'a, kullum muna cewa bola, amma kaɗan ne cikinmu suka san baƙuwa ce. Kakanninmu juji suka sani. Bayan Turawa sun ci ƙasar Katsina cikin 1903, sai aka naɗa duba-gari, aka gina wuraren ƙona shara a garuruwa. An ce daga boila, watau tukunyar wuta da Turanci, bakinmu ya sassaƙo bola.

To, ga bambancinsu. Juji taki ne, manomin Damari yakan kwashe shi cikin mangala bisa jaki, ya kai gona tun kafin damina. Bolar yau kuwa rabinta leda ce, ba ta ruɓewa, akuya ta ci ta mutu. Saboda haka mu riƙa tsincewa, kada mu kai wa gona cuta da sunan taki.