Da Hannu Muke Gane Waya

Tun da na ajiye aiki na dawo gida Sharabi, matasan likitocin da ake turowa Bagudo kan biyo su gaishe ni. Kwanan baya wani ya tambaye ni wace waya ta fi kyau wajen sa bututu a jijiyar wuya, ya shiga jero mini sunayen kamfanoni. Raina ya ɗan sosu. Yaron ya haddace abin da ke jikin leda, inci 0.035, baki mai lanƙwasa, amma ba wanda ya taɓa ce masa ya murza wayar a yatsunsa kafin ta shiga jikin mutum.

Mu a Sakkwato, maigidanmu, Allah ya jiƙansa, ba ya barin ka kusanci majinyaci sai ka gwada waya a gabansa. Ka jiƙa ta da ruwan gishiri, ka bi ta da yatsa daga baki har wutsiya ko za ka ji ƙulli ko inda ta karye. Ka miƙe bakin ka saki, ka ga ko zai koma lanƙwasarsa. Ka zura ta cikin allurar ka fitar tun tana kan tire. In ta cije a nan, a matsematsin mutum ma za ta cije. Sai ya tsaya a bayanka ya ce, "Likita, me ka ji?" In ka amsa da "Ranka ya daɗe, tana tafiya sumul," ya gyaɗa kai. In ya ga kafaɗarka ta ɗaga alamar kana tura ta da ƙarfi, nan take zai karɓe. Waya mai tirjiya, a wurinsa, ba ta cikin jijiya, kuma ba a janyo ta ta cikin allura. Tare ake fitar da su, don kaifin allura na iya datse ta.

Dabarar sa bututu ta kan waya ta Seldinger ce, mutumin Suwidin, tun 1953, kowa ya sani. Amma ko lokacin da Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurik a 1977, guntuwar waya ce manne a bakin bututunsa. Sai farkon shekarun 1980 John Simpson ya kawo wadda ake juyawa ita kaɗai. Ga mu nan kuwa, wankin ƙoda ne ya sa waya ta zama abin yau da kullum a hannunmu. Da wayar Terumo mai santsi ta iso, wadda in ta jiƙe take sulɓewa kamar tarwaɗa, mun yi murna, mun kuma ji tsoro. Tana bi ta jijiya mai karkace, tana kuma iya shigewa ƙarƙashin bangon jijiyar hannunka bai ji komai ba.

Kafin duk wannan yanka muke yi. Na tuna wata damina ta amai da gudawa, aka kawo wata mata daga wajen Lolo, jijiyoyinta duk sun shafe. Da fitilar hannu aka haska mini. Na tsaga fata a gaban idon sawu na ciki, na ɗago jijiyar da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa, na ɗaure ƙasa da zare, na ɗan ɓara ta na zura roba, ruwa ya fara sauka. Yau sai ka samu likita ya gama karatu bai taɓa ganin wannan aikin ba, wai ya tsufa. Ya tsufa a ina? Majinyacin da aka ɗauko daga Tsamiya ko Kaoje zai sha tafiya kafin ya isa Birnin Kebbi, kuma ba kowane asibiti ne ke da ledar waya a kabad ba.

Na'urar hoto alheri ce, ta rage huda jijiyar da ba ita ake nema ba. Sai dai na ga masu kafa wa allo ido su saki wutsiyar waya, kuma ta haka ne waya ke ɓacewa cikin mutum har sai an neme ta a hoton ƙirji. Manyan likitocinmu na Sakkwato da Birnin Kebbi, don Allah ku sa yaran nan su gwada waya a gabanku, ku koya musu yankan jijiya kafin a turo mana su bakin iyaka.