Littattafan Soyayya na Kano: Tuhumar da Aka Yi Musu da Abin da Ke Cikinsu

A shekarar 2007, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan hikaya na Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a Kano, aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Laifin da aka ɗora musu shi ne ɓata tarbiyya. Mu da muke 'yan makarantar sakandare a lokacin mun ji labarin, wasunmu sun yaba, wasu sun ƙara zurfafa maɓoyar nasu. Sai dai wutar nan ba ranar ta fara ci ba. Ta ɗauki kusan shekara ashirin tana ruruwa a shafukan jaridu da ɗakunan karatu na jami'a. Yana da kyau mu bi sawunta, domin abin da aka yi ta kira "soyayya" labarin girma ne: yadda yarinya ko yaro ke fita daga ƙuruciya, da wanda ke da ikon yanke masa hukunci a kan karatunsa da aurensa.

Soyayya ba baƙuwa ba ce a rubutaccen adabin Hausa. A cikin littattafan da suka fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933 akwai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, labarin saurayin da mai kuɗi ya raba shi da budurwarsa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, duka biyun daga gasar da kamfanin ya shirya. Waɗannan sun bi ta hannun editoci, sun shiga makarantu, ba wanda ya ɗaga musu murya.

Abin da ya sauya a tsakiyar shekarun 1980 shi ne masu rubutun da masu karatun. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda aka ƙaddamar a 1976, ya yaye dubban yara masu iya karanta Hausar boko, cikinsu har da 'yan mata da dama da iyayensu mata ba su taɓa shiga aji ba. A daidai lokacin da suka tasa, tattalin arziki ya karye, tsarin SAP na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Matasa suka ga ba mai buga musu, sai suka buga da kansu. Marubuci zai kai rubutunsa wurin mai keken rubutu, daga baya mai kwamfuta, ya wuce maɗaba'a, ya raba labarin kashi biyu ko uku domin kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Daga nan sai kasuwar Sabon Gari, inda diloli ke rarraba shi zuwa Katsina, Sakkwato, Kaduna har Nijar.

Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma da Allura Cikin Ruwa. Marubutan suka kafa ƙungiyoyi, mafi shahara ita ce Raina Kama. Sunan kaɗai ya nuna sun san kallon da ake yi musu: raina kama ka ga gayya.

A unguwanni irin namu, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hausawa, ba kowa ke sayen littafi ba. Haya ake bayarwa a ƙananan shaguna da gidajen matan aure, kwana ɗaya ko biyu. Kwafi guda sai ya zaga layi, ya shiga makarantar kwana cikin akwati, ya dawo bango ya yage. Ƙanne maza su ne 'yan aike, kuma da yawanmu a hanyar aiken muka fara karanta dogon labari da harshenmu.

Me ke cikin littattafan? A In Da So Da Ƙauna, Sumayya 'yar masu hali ce da ke son Muhammad, talaka, ana neman a ba ta mai kuɗi, har ta kai ga faɗawa rijiya. A Wa Zai Auri Jahila?, an cire Abu daga makaranta tana ƙaramar yarinya, an aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Balaraba ta san abin da take rubutawa, domin ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Idan aka ɗebe kalaman so da wasiƙu, tambayoyin da suka rage masu nauyi ne. Shin za a nemi yardar yarinya kafin a ɗaura mata aure? Shin za ta gama makaranta? Mafi yawan jaruman ba da addini suke jayayya ba. Da shi suke kafa hujja a kan al'adar auren dole.

Suka ta zo ta ƙofa biyu. Ta farko ta masana ce. Ibrahim Malumfashi, wanda ke koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a lokacin, shi ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan Turanci na kasuwar Onitsha. A ganinsa rubutun ba shi da zurfi, ya cika aron finafinan Indiya, kuma ba zai yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na Jami'ar Bayero suka tsaya a ɗaya ɓangaren, suna cewa littattafan sun haifar da al'ummar masu karatu da ba a taɓa samun irinta ba. Muhawarar ta yi zafi a ƙarshen shekarun 1990 a shafukan adabi da Ibrahim Sheme ke kula da su a jaridun New Nigerian da Weekly Trust. Wani abin lura shi ne, yawancinta da Turanci aka yi, tsakanin maza, a kan littattafan da mata ke karantawa da Hausa.

Ƙofa ta biyu ta iyaye da malamai ce, kuma ita ta fi ƙarfi. An zargi littattafan da koya wa 'yan mata taurin kai da shagaltar da su daga karatu, an ma riƙa cewa wasu za su kwaikwayi Sumayya. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2008, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, hukumar ta nemi marubuta su yi rajista ɗaya bayan ɗaya, abin da ya jawo takun-saƙa da ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano.

Gaskiya ɗaya ce, masu sukar ba su rasa abin kamawa ba. Akwai littattafai da dama marasa tacewa, cike da kurakuran rubutu, babu ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ, jigo ɗaya ana ta maimaitawa, jarumi kullum ɗan attajiri mai mota. Amma hukunta dubban littattafai da mafi rauninsu ya sa an makara wajen ganin masu kyau. Masu bincike daga waje sun shigo da wuri: a 1997 Brian Larkin ya buga nazari kan alaƙar labaran da finafinan Indiya. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na Chennai a Indiya, Blaft, ya fitar da fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci. Wanda aka zarga da aro daga Indiya, ga shi Indiya ta buga shi. A 2016 BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla, wadda ta ɗora a kan harsashin da waɗancan marubuta suka gina.

Hasashen mutuwar ya tabbata rabi. Kasuwar takarda ta durƙushe, wasu marubutan sun koma fim, ofisoshinsu suka cika Titin Gidan Zoo a maƙwabtanmu. Labaran kuwa sun koma waya: Wattpad, zaurukan WhatsApp da ake biya kafin a shiga, da tashoshin YouTube da ke karanta su. Tuhumar ma ta biyo su, kuma yanzu batun batsa a wasu rubuce-rubucen damuwa ce ta gaske da bai kamata a rufe ido a kanta ba.

Mu da ke aikin manhaja akwai abin da muke gani da ke tayar mana da hankali. Littafin da aka raina ba a adana shi. Da yawa daga cikin na shekarun 1990 sun fita babu shekarar bugu, kuma samun kwafinsu yau aiki ne. Na waya sun fi su rauni: a rufe zaure ko a sace waya, labari ya tafi. Wanda zai rubuta tarihin yadda 'yan matan Kano suka girma a shekara arba'in da suka wuce, a cikin waɗannan shafukan zai samu muryarsu. Jami'o'inmu da ɗakunan karatu da ƙungiyoyin marubuta na iya tattara su, a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan marubuci da shekara, da izinin masu su. Bayan nan sai a zauna a tantance, a yaba na yabawa, a soki na suka, littafi bayan littafi.