Tarihin Koyarwar Rinjayen Alheri a Kan Zunubi

Koyarwa ce ta Kiristanci da ke cewa duk yawan zunubin ɗan Adam, alherin Allah ya fi shi, kuma ceto kyauta ce da aikin mutum ba ya saye. Tushenta na cikin wasiƙar da Manzo Bulus ya aika wa Romawa daga Korinti wajen shekara ta 57 Miladiyya. A sura ta 5 ya jera Adamu da Almasihu: ta wurin na farko mutuwa ta shigo duniya, ta wurin na biyu gafara ta zo, har ta zarce ɓarnar. Bulus ya san za a ce ai wannan ya buɗe ƙofar saɓo, don haka a sura ta 6 ya toshe ta, ya ce wanda ya mutu ga zunubi ba ya komawa zama cikinsa.

A Arewacin Afirka ne aka tace koyarwar. Felajiyus, malami ɗan Birtaniya da ke zaune a Roma, ya ga Kiristocin birnin sun yi sakaci da ɗabi'a, sai ya koyar da cewa mutum na da ikon kauce wa zunubi idan ya so, kuma laifin Adamu ba a gadonsa. Damuwarsa ta gaskiya ce. Amma Agustin (354–430), bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya ɗanɗana raunin zuciya a ƙuruciyarsa, ya kuma ga abin da Felajiyus bai gani ba: ko son tuba ma, Allah ne ke fara dasa shi. Majalisar Kartaj ta 418 ta goyi bayan Agustin, ta Afisa a 431 ta tabbatar da hukuncin. A 529 majalisar Orange da ke kudancin Faransa ta yarda cewa alheri ke riga bangaskiya, amma ta ƙi ra'ayin cewa Allah na ƙaddara wa wani mugunta.

Gardamar ta sake tashi a 1517, lokacin da Martin Luta ya soki sayar da takardun sassaucin horon zunubi a Jamus. Matsayinsa shi ne ta alheri kaɗai, ta bangaskiya kaɗai ake baratar da mai zunubi. Majalisar Trent ta Katolika ta amsa a 1547: alheri ne mafari, amma yana sabunta mutum daga ciki, mutum kuma yana ba da haɗin kai.

Wajen talakawa kuwa, koyarwar ta fi shiga ta bakin masu tuba. Alal misali, John Newton, tsohon kyaftin ɗin jirgin cinikin bayi, ya rubuta waƙar Amazing Grace da aka buga a 1779.

Ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa cewa ta alheri ake samun ceto, ba don cancantar mutum ba. Majalisar Metodis ta Duniya ta shiga yarjejeniyar a 2006.