Mayar da Kwal Gas da Kama Iskar Kabon: Daga Ina Aka Faro, Ina Kasuwar Ta Dosa

Kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar lantarkin da duniya ke sha daga kwal take fitowa, kuma kusan dukkanta ta hanya ɗaya ake samunta: a niƙa kwal ya zama gari, a hura shi cikin tanderu, a tafasa ruwa, tururin ya juya inji. Akwai wata hanya ta biyu da injiniyoyi suka shafe shekara hamsin suna cewa ita za ta gaji ta farko. A nan, sai an fara mayar da kwal ɗin gas, a tace shi, a cire masa datti har da iskar kabon mai ɗumama duniya, sannan a ƙona abin da ya rage. A takarda, tsarin ba shi da makusa. Amma tashoshin lantarkin da ke aiki da shi a faɗin duniya har yau ba su taka kara sun karya ba, kuma dalilin haka yana cikin tarihin sana'ar tun farkonta.

Fasahar ta girmi wutar lantarki da kusan ƙarni guda. Wajen 1792 wani injiniya ɗan Sikotland mai suna William Murdoch ya gasa kwal a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, ya ja iskar da ta fito ta bututu, ya haska gidansa da ita a garin Redruth na Ingila. A 1807 aka kunna fitilun gas a titin Pall Mall na Landan, a 1812 kuma aka ba kamfanin gas na farko izinin aiki a birnin. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, da wuya ka sami babban birni a Turai ko Amurka da ba shi da masana'antar gas da manyan tankunanta, da warin kwalta da ke addabar unguwannin talakawan da ke kewaye da ita. Gas ɗin kansa guba ne, domin yana ɗauke da kabon-monoksaid, iskar nan da ke hallaka iyali guda idan aka kwana da janareta a kunne cikin ɗaki. Duk da haka mutane sun yi ta girki da shi bayan lantarki ya ƙwace aikin haskakawa. Abin da ya kashe kasuwarsa a Birtaniya shi ne gano iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa a Tekun Arewa. Tsakanin 1967 da 1977 aka bi gida-gida aka sauya wa murhuna kai, masana'antun suka rufe. Haka gas mai araha daga rijiya ya kayar da gas ɗin kwal, kuma za a sake ganin haka.

Masana'antun zamani sun bambanta da tukunyar Murdoch. Ana zuba kwal a cikin wata doguwar tukunya mai tsananin zafi da matsi, a ba shi tururi da iskar oksijin 'yar kaɗan wadda ba za ta isa ya ci da wuta sosai ba. Sai ya warware ya zama cakuɗen haidrojin da kabon-monoksaid. Wannan cakuɗe ya fi ƙarfin a kira shi makamashi kawai, domin daga gare shi ana iya haɗa takin zamani, da fetur, da dizal, da kayan roba. Jamusawa ne suka fara gane girman wannan. Ƙasarsu tana da kwal jibge, ba ta da mai. A 1925 Franz Fischer da Hans Tropsch suka fito da hanyar mayar da cakuɗen ya zama mai na ruwa, Fritz Winkler ya kafa irin tukunyarsa a 1926, kamfanin Lurgi kuma ya fito da mai aiki da matsi a shekarun 1930. A Yaƙin Duniya na Biyu, man da aka sarrafa daga kwal ya ɗauki kaso mai tsoka na buƙatun sojojin Hitler, shi ya sa jiragen yaƙin abokan gaba suka mayar da masana'antun abin hari.

Afirka ta Kudu ce ta ɗauko daga inda Jamus ta ajiye. Gwamnatin wariyar launin fata ta kafa kamfanin Sasol a 1950, masana'antar Sasolburg ta fara aiki a 1955. Da takunkumin mai ya tsananta a kanta, musamman bayan juyin juya halin Iran na 1979 ya raba ta da babbar mai sayar mata da mai, sai ta gina tagwayen masana'antu a Secunda a farkon shekarun 1980. Har yau suna aiki, kuma ana kirga wurin cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da iskar kabon a doron ƙasa. Jamus da Afirka ta Kudu ba riba ce ta kai su ga wannan hanya ba. Tilas ce, kuma gwamnati ce ta biya.

Amurka ta shigo ne bayan ƙasashen Larabawa sun rufe mata famfon mai a 1973. A jihar Dakota ta Arewa aka gina masana'antar Great Plains don mayar da kwal gas na girki da masana'antu. Ta fara aiki a 1984, daidai lokacin da farashin mai ya kama hanyar faɗuwa. Shekara guda bayan haka masu ita suka kasa biyan bashin kusan dala biliyan 1.5 da gwamnati ta tsaya musu a kai, gwamnati ta karɓe ta, ta sayar a 1988.

A wannan zamanin ne tunanin yin lantarki da gas ɗin kwal ya kankama. Dabarar ita ce a ci moriyar zafin sau biyu: a ƙona gas ɗin a injin irin na jirgin sama ya juya janareta, sannan zafin hayaƙinsa ya tafasa ruwa tururin ya juya wani. Masu sana'ar suna kiran tsarin IGCC. An gwada shi a Lünen ta Jamus a 1972, sai tashar Cool Water ta Kaliforniya da ta yi aiki daga 1984 zuwa 1989 ta tabbatar da cewa abin yana yiwuwa. A shekarun 1990 aka gina guda huɗu da suka yi suna, kowace tsakanin megawat 250 da 335: Buggenum a Holan, Wabash River da Polk a Amurka, Puertollano a Sifen. A lokacin, damuwar ba ɗumamar yanayi ba ce sosai. Farar wutar da ke cikin hayaƙin kwal ce ke haddasa ruwan sama mai guba, kuma waɗannan tashoshi sun cire ta ƙwarai. Sai dai sun fi tashar kwal ta gargajiya tsadar gini, sun kuma fi ta yawan tsayawa. Kamfanin lantarki ya saba da tanderu da tururi, ga shi an ɗora masa masana'antar sinadarai sukutum, da sashen raba iska don samar da oksijin wanda shi kansa yana cinye wuta mai yawa. Idan sashe ɗaya ya sami matsala, duka sai su tsaya.

Kama iskar kabon kuwa ta wata ƙofa ta shigo, kuma masu haƙar mai ne suka buɗe ta. Tun 1930 aka yi wa hanyar wanke gas da sinadarin amin rajista a Amurka, domin gas ɗin rijiya mai yawan kabon ba ya sayuwa sai an tace shi. A 1972 aka fara tura iskar da aka cire cikin tsohon filin mai na SACROC a Teksas, don ta tunkuɗo ragowar man da ya maƙale a duwatsu. Binne ta saboda yanayi bai zo ba sai 1996. Norwe ta sa harajin kabon a 1991, kamfanin Statoil ya yi lissafi ya ga binne iskar ya fi biyan harajin sauƙi, sai ya fara zuba ta cikin wani shimfiɗaɗɗen dutse mai ruwan gishiri a ƙarƙashin teku, a filin Sleipner, a tsarin kusan tan miliyan 1 a shekara. A nan nahiyarmu ma an yi: a In Salah, tsakiyar Saharar Aljeriya, an binne kusan tan miliyan 3.8 daga 2004 zuwa 2011, kafin a dakatar saboda alamun matsin ya fara tsaga dutsen. Masana'antar Great Plains ɗin nan da ta tsiyata masu ita ma ta sami sabuwar hanyar kuɗi daga 2000, tana tura iskarta ta bututu mai tsawon kilomita sama da 300 zuwa filin man Weyburn a Kanada.

Haɗa fasahohin biyu ya zama kamar abin da hankali ya yanke. A hayaƙin tashar kwal ta gargajiya, iskar kabon ba ta wuce kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari ba, a warwatse cikin iska mai yawa maras matsi. A gas ɗin kwal kuwa, bayan an ƙara masa tururi, tana iya kaiwa kashi 40 cikin ɗari, a matse wuri ɗaya. Bambancin kamar na mai tsince tsakuwa a faifai ne da wanda ya bari sai shinkafa ta nuna. Da wannan hujja Shugaba George W. Bush ya sanar da shirin FutureGen a 2003, tashar kwal da aka ce kusan ba za ta fitar da hayaƙi ba. An zaɓi garin Mattoon na jihar Illinois a ƙarshen 2007, bayan 'yan makonni gwamnati ta janye kuɗinta saboda tsada. An farfaɗo da shirin da wani tsari dabam, aka sake binne shi a 2015 ba tare da ya ba da wutar ƙwan fitila ɗaya ba.

Waɗanda aka gina ɗin sun fi ba da darasi. Tashar Edwardsport ta Indiyana, mai megawat 618, an yi mata kasafin ƙasa da dala biliyan 2, ta ƙare a wajen biliyan 3.5 a 2013, kuma ko na'urar kama kabon ba a sa mata ba. Ta Kemper a jihar Misisipi ita ce aka ɗora wa dukkan buri. Megawat 582, za ta ci kwal mai laushi da ake haƙowa a gefenta, ta kama kashi 65 cikin ɗari na kabonta ta sayar wa masu mai. An fara gini a 2010 da ƙiyasin ƙasa da dala biliyan 3, tun ba a kammala zanen injiniya ba. Kuɗi ya yi ta hawa har ya kai kusan biliyan 7.5. A watan Yunin 2017 aka haƙura da kwal ɗin baki ɗaya, tashar ta ci gaba da aiki da gas ɗin rijiya, a 2021 kuma aka sa nakiya aka rusa wani sashe na ginin sarrafa kwal ɗin. Misisipi tana cikin jihohin da suka fi talauci a Amurka, kuma an daɗe ana taƙaddama kan nawa ne daga wannan asara za a ɗora wa masu biyan kuɗin wuta. Wannan ɓangaren ne ya fi damuna a labarin, domin irin waɗannan gwaje-gwaje a kan wuyan talaka suke fara sauka.

Ba rashin iya gini kaɗai ya kashe Kemper ba. Yayin da ake zuba mata siminti, Amurkawa sun koyi fasa dutse su fito da gas, farashinsa ya faɗo daga sama da dala 13 a tsakiyar 2008 zuwa ƙasa da dala 2 a 2012. Abin da ya faru a Birtaniya ya maimaita kansa. Farashin faifan sola shi ma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekara goma. Turai ta rufe Buggenum a 2013, ta rufe Puertollano bayan shekara uku. Tashoshin kwal biyun farko da suka kama kabon da yawa, Boundary Dam ta Kanada a 2014 da Petra Nova ta Teksas a 2017, duka na gargajiya ne da aka liƙa wa na'ura a bakin hayaƙi. Petra Nova ma ta tsaya a 2020 da farashin mai ya karye, sai 2023 ta dawo.

To ina kasuwar take yanzu? Ta koma Asiya, kuma galibinta ta bar lantarki. Sin ce ke da mafi yawan tukwanen sarrafa kwal a duniya, tana yin mafi yawan takin yuriya da sinadarin metanol ɗinta daga kwal, a Ningxia kuma ta buɗe masana'antar da aka tsara ta fitar da tan miliyan 4 na mai a shekara a 2016. Tasharta ta gwaji ta lantarki, GreenGen a Tianjin, ba ta haifi 'ya'ya da yawa ba. Indiya ta sa wa kanta burin sarrafa tan miliyan 100 na kwal zuwa gas nan da 2030, ta ware tallafin rupi biliyan 85 a farkon 2024, kuma abin da take nema shi ne rage sayo taki da gas daga waje. Japan, wadda kusan ba ta da mai ko gas nata, ita ce ta dage da lantarkin: a 2021 ta kunna tashoshi biyu a Nakoso da Hirono na yankin Fukushima, kowace sama da megawat 500, a Osaki kuma ta gwada kama kabon. Duk ƙasashen nan uku tsoro ɗaya ke tafiyar da su, na dogaro da makamashin da wani zai iya toshewa.

Kama kabon yana ƙaruwa, musamman tun da dokar Amurka ta 2022 ta ɗaga ladan binne tan guda zuwa dala 85. Amma a 2024 duk na'urorin da ke aiki a duniya abin da za su iya kamawa bai wuce wajen tan miliyan 50 a shekara ba, alhali makamashi kaɗai yana fitar da kusan tan biliyan 37. Mafi yawan wannan ɗan abin ma daga matatun gas yake fitowa, kuma kaso mafi girma ana tura shi ne cikin rijiyoyi don fito da ƙarin mai. A ganina inda fasahar za ta yi amfani na gaske shi ne siminti da taki da wasu sinadarai, waɗanda ba su da wata hanya mai sauƙi ta guje wa kabon. Masana'antun Sin da Indiya da na Secunda tuni suke raba iskar a matse, domin aikinsu ba ya yiwuwa sai da hakan, sannan su saki galibinta sama, tunda har yanzu babu mai biyansu kuɗin binnewa da ya kai abin da aikin zai ci.