Jihar Agadas

Agadas ita ce jiha mafi girma a Jamhuriyar Nijar. Faɗinta murabba'in kilomita 667,799 ne, fiye da rabin ƙasar ke nan, amma ƙidayar 2012 ta samu mutum 487,620 kacal a cikinta. Tana iyaka da Aljeriya da Libiya a arewa, Chadi a gabas, Mali a yamma, sai jihohin Tawa, Maraɗi, Damagaram da Diffa a kudu.

A tsakiyar jihar duwatsun Azbin suke, waɗanda mafi tsawonsu, Idukal-n-Tages da ke kan tudun Bagzan, ya kai mita 2,022. A kwarurukan duwatsun nan masu lambu na noma albasa, dankalin Turawa da lemo da ruwan rijiya. Daga gabas kuwa sai Tenere, rairayi iya ganin ido, har a isa Faci da Kawar, inda Barebari da Tubawa ke noman dabino, suna haƙo gishiri a Bilma. Da damina ta ƙare ayarin raƙuman Buzaye kan kai musu gero, ya ɗauko kantun gishiri ya gangaro da shi kasuwannin ƙasar Hausa.

Hanyoyin fatauci su suka haifi masarautar Azbin. A farkon ƙarni na 15 ƙabilun Abzinawa suka naɗa Yunus sarki, don su sami mai raba musu gardama da tsare ayari, daga baya fada ta zauna a birnin Agadas. Tarihin Gobirawa ya nuna a Azbin suka zauna kafin su yo kudu, kuma har gobe Hausa ce harshen kasuwa da unguwannin birnin. Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin wajen 1515, zamanin da ake dangantawa da ginin babban masallaci. Hasumiyarsa ta laka, mai tsawon mita 27, an sake gina ta a 1844, ga ta nan tsaye. A nan ne kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Faransawa sun kafa sansani a Agadas a farkon ƙarni na 20. A Disamban 1916 Kawsan, jagoran mayaƙan Abzinawa, da goyon bayan Sarkin Azbin Tagama, ya yi wa barikinsu ƙawanya har zuwa Maris 1917. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni ƙwarai: an karkashe malamai, an kwashe dabbobi, jama'a da dama suka watse.

Bayan 'yancin kai a 1960 sai ga arzikin ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuma ya yi aiki a Akuta daga 1978 zuwa 2021. Ma'adinin ya haskaka biranen Faransa, alhali makiyayin da ke gefen mahaƙar yana neman rijiya, kuma ba a fahimtar tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sai an dubi wannan giɓi. Ranar 24 ga Afrilu, wadda aka sa hannu kan sulhun 1995, hutu ce a duk Nijar. An gano zinariya a Jado a 2014.

Gwamna ne ke shugabantar jihar, kuma daga Yamai ake naɗa shi. Tun 2011 gundumomi shida ne: Arlit, Bilma, Cirozerin, Ingal, Iferwan da Aderbisinat. Sarkin Azbin na nan yana sasanta rikicin kiwo da na rijiyoyi, kamar kakanninsa. Wahalar mulki a nan nisa ce, domin daga Agadas zuwa Bilma sai an yi tafiyar kwanaki a rairayi. Dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure zuwa Libiya ta raba direbobi da masu masauki da abincinsu, hanyoyi suka koma na ɓoye, mace-mace suka ƙaru a sahara. Gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023.