Ƙugiyar da Ba Ta Samu Dillali Ba

A Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ke danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, baƙon da ya shigo da kaya daga Agadas ko Gwanja ba ya baje kolinsa da kansa. Wurin fatoma yake sauka, a haɗa shi da dillalin da ya san mai bukata. Wannan tsohon tsari ne ya riƙa faɗo mini a rai sa'ad da nake bin tarihin wata haja ta zamani, wato damar rubuta ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta.

Matsalar ta girmi kwamfuta. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, wajen badala, a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Haruffa masu ƙugiya kuwa sai a shekarun 1930 suka samu gindin zama, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, wadda ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Maɗaba'a tana iya tanadar sababbin haruffa, amma tafiretar akawu ta Ingilishi ce. Saboda haka mai buga takarda yakan gama aikinsa, sannan ya bi da biro yana lanƙwasa kawunan haruffa, don kada baƙi ya zama baki, ko ƙafa ta koma kafa.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka tara ɗimbin masu karatu a lungunan birni. Littattafai da yawa na wannan zamani sun fito babu ƙugiya ko ɗaya, mai karatu ne ke cike giɓin da hankalinsa. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiri salon haruffan kwamfuta masu ƙugiya. Babban aiki ne, sai dai duk salo na musamman irin wannan yana da rauni guda: idan aka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da shi, ƙugiyoyin sukan rikiɗe su koma wasu alamomi.

Abin mamaki, maganin yana nan tun farkon shekarun 1990, lokacin da tsarin Unicode ya ba kowane ɗayan waɗannan haruffa lambarsa ta dindindin. Manhajar ofis mai buɗaɗɗen tushe ta zo ta tarar da shi. Kamfanin Sun ya saki tushen StarOffice a 2000, OpenOffice.org ta fito a 2002, LibreOffice kuma ta ɓalle daga gare ta a 2010. Dukansu suna rubuta Hausa daidai. A LibreOffice mutum na iya tsara gyaran kai-tsaye, ta yadda wata alama da ya zaɓa za ta riƙa komawa ƙ da kanta. Word ma yana yin haka, kada a ce na yi son kai.

Ga inda tallar ta kuskure hanya, a ganina. Kalma biyu masu tallata wannan manhaja suka fi riƙewa: kyauta da 'yanci. A Turai suna da nauyi. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice, don rage dogaro da kamfanin waje. Amma mai shagon buga takardu a Ƙofar Mata ko Mandawari bai taɓa jin zafin kuɗin lasisi ba, domin da Word a ciki ya sayi kwamfutarsa, bai kuma tambayi asalinsa ba. Gaya masa kyauta ce daidai yake da tallar ruwa a bakin kogi. Tambayarsa ita ce: idan ya miƙa fayil ga maɗaba'a, zai buɗe yadda ya tsara shi?

Shi ne dillalin da aka tsallake. Ta hannunsa wasiƙar mai unguwa da katin ɗaurin aure da kundin ɗalibi suke bi, shi ne kuma ke koya wa yaran shago. LibreOffice tana fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, da dogon jerin sababbin abubuwa, amma bayanin da Turanci yake isowa, ga wanda ya riga ya je nema.

A ƙarshe ƙugiyar ta shigo birni ta wata ƙofar. Madannan wayar hannu irin su Gboard sun zo da Hausa, ɓ da ɗ da ƙ suna ƙarƙashin yatsa, ba tare da an yi wa kowa lacca ba. Yau za ka ga saƙon WhatsApp da ƙugiyoyinsa cif, alhali takardar gayyatar da aka buga a shago, aka ɗauki hotonta aka haɗa da saƙon, tana kiran manyan baƙi “manyan baki”.