Daga Ƙoƙon Fura Zuwa Kwalba: Tarihin Abin Sha a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Duk matafiyin da ya biyo hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Boɗinga da Shagari, abin da zai tarar a bakin tasha shi ne masu fura da nono, da masu kunun zaƙi da zoɓo, sai kuma teburin mai shayi idan rana ta yi sanyi. Ba zai ga shagon giya a fili ba. Mu da muka tashi a nan muna ɗaukar abin kamar haka Allah ya halicce shi, alhali kuwa yana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi.

Kafin jihadi, giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ana jiƙa dawa ko gero har ya tsiro, a niƙa, a dafa, a bar shi ya kwana biyu ya yi tsami. Maguzawa suna shan ta wajen gayya da biki da tsafi, wasu fadawa ma ba su ƙyamace ta ba. Shi ya sa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe a cikin Kitabul Farƙi, ya haɗa da ci da shan abin da suka ga dama ba tare da duba halal ko haram ba.

An fara jihadi a 1804. Wajen 1810 Shehu ya dawo Sifawa da zama, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga, har zuwa 1815 da Shehu ya koma Sakkwato. A waɗannan shekaru ƙasarmu ta cika da malamai da almajirai. Garin da ake karanta hukuncin mashayi safe da yamma kuwa, tukunyar burkutu ba ta da wurin zama a cikinsa. Sai fura ta zama abin tarbar baƙo, goro ya zama abin hira. Manomi ya kawo gero, Bafulatana ta kawo nono, ƙoƙo ɗaya ya haɗa su.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, su ma ba su buɗe wa giya ƙofa ba. Tun 1890 ƙasashen Turai sun yi yarjejeniya a Burasal cewa za a hana kai barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuma ya sa Arewa cikin wannan sahu. Amma an bar kafa: Bature yana sha a kulob ɗinsa, daga baya kuma aka riƙa ba da lasisi a unguwannin baƙi. Ta wannan kafa kwalba ta shigo. An fara yin giyar Star a Legas a 1949, aka buɗe masana'antarta a Kaduna a 1963. Zuwa shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai suka yawaita, otal-otal da barikin soja a birnin Sakkwato sun zama matattarar wasu ma'aikata da direbobi. Ɗan ƙauye da ke son sha sai ya shiga birni a ɓoye, domin a gida kunya ba za ta bar shi ba.

A 1999 Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996, ta ƙaddamar da Shari'a, Sakkwato ta bi sahu a 2000. Aka rufe mashaya, jama'a suka yi murna, mu ma mun yi.

To, amma an kashe maciji ba a sare kansa ba. Mu malaman makaranta mu muka fara ganin alama: yaro mai ƙoƙari ya koma gyangyaɗi a aji, idanu jajur, ba warin komai a bakinsa. Kwalbar giya ta tafi, ta maganin tari ta maye gurbinta, tare da ƙwayoyi irin su Tramadol. Sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan ɓarna ta riga ta yi nisa.

Darasin da tarihi ya bar mana shi ne, abin da ya kori giya daga ƙasar nan tun farko ilimi ne da kunya da idon maƙwabci, doka ta biyo baya ne. A da, kowane babba uban kowane yaro ne. Yau kuwa sai mu ga ɗan maƙwabci yana tangaɗi mu kau da kai, mu ce aikin hukuma ne. Idan muna alfahari da cewa Shehu da Abdullahi sun zauna a ƙasarmu, to, sai mu ɗauki aikin da suka yi, mu fara daga zaurukanmu da azuzuwanmu. Allah ya shirya mana zuriya, amin.